Gubar Yaƙi da Ta Zama Magani: Daga Fagen Fama Zuwa Korle Bu

A Nima da Maamobi na Akra, kamar yadda yake a Kano da Maraɗi, akwai maganar da yara suka tashi suka tarar a bakin manya: wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Idan ƙari ya fito wa mace a mama, ko kuncin yaro ya kumbura ya ƙi saɓewa, kafin a kai ga likita sai an sami mai cewa, "Hajiya, kada ki yarda su taɓa shi. Ana soka masa allura zai fusata." Idan kuma aka ji an tura mutum asibitin Korle Bu za a sa masa kemo, wato ruwan maganin sankara, wasu har sun fara yi wa iyalinsa jaje. Mutane sun ga abin da suka gani da idonsu. Gashi ya zube, amai ya ƙi tsayawa, farce ya yi baƙi, mai jiki ya zabge. Sai suka yanke cewa wannan ba magani ba ne, guba ce.

Rabin maganar gaskiya ce. Wasu daga cikin tsofaffin magungunan sankara, waɗanda har yau su ne ginshiƙin abin da ake ɗura wa marasa lafiya a Korle Bu da asibitin Komfo Anokye na Kumasi, daga makamin yaƙi aka samo su. Ɗaya rabin ne ba a cika faɗa a zaure ba: yaran Afirka, har da na Ghana, suna cikin mutanen farko da aka tabbatar a kansu cewa ruwan magani kaɗai, ba wuƙa ba gashi da haske, yana iya raba mutum da sankara har abada.

Labarin ya faro ne a watan Yulin 1917, kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin Jamus suka harba wa na Ingila harsasan igwa ɗauke da wani ruwa mai maiƙo, mai warin tafarnuwa, wanda aka sani da iskar mastad. Ba ta kashe mutum nan take. Sai an yi sa'o'i ido ya rufe, fata ta yi bororo ta saluɓe, maƙogwaro da huhu su ƙone ta ciki. A 1919 wasu masu bincike na Amurka, mata da miji, Edward da Helen Krumbhaar, suka buga abin da suka gani a gawarwakin sojojin da gubar ta kashe. Ɓargon ƙashinsu ya ƙafe, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cuta sun kusa ƙarewa. Ba a kula da rahoton sosai ba. An gama yaƙi, kowa so yake ya manta.

A 1925 aka ƙulla yarjejeniya a Geneva ta haramta amfani da irin wannan makami. Italiya ta sa hannu, amma hakan bai hana jiragen Mussolini su yayyafa wa mutanen Habasha wannan guba a 1935 da 1936 ba, sojoji da manoma da dabbobinsu. Afirka ta san wannan sinadari a matsayin makami tun shekaru da dama kafin ta gan shi a cikin kwalbar asibiti. Ba a jima ba sojojin Gold Coast, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, suka je gabashin Afirka suka gwabza da Italiyawan. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, tsofaffin soja da ma'aikata da baƙi suka yi ta kwararowa Nima, unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 a filin da ya samu daga iyalin Odoi Kwao na Osu.

A lokacin wannan yaƙi na biyu ne gwamnatin Amurka ta ba jami'ar Yale aikin sirri: a binciki dangin mastad, a nemo makarinsu. Masana harhaɗa magani biyu, Louis Goodman da Alfred Gilman, suka lura da abin da su Krumbhaar suka gani. Gubar tana cinye fararen ƙwayoyin jini da na kaluluwa. Sai tunani ya zo musu: akwai sankarar da ba komai ba ce illa waɗannan ƙwayoyi sun haukace da hayayyafa. Me zai hana a aika musu da abin da ke kashe su? Suka gwada a ɓera mai ƙari, ƙarin ya motse. Suka je wa likitan tiyata Gustaf Lindskog da maganar, shi kuwa yana da marar lafiyar da dabara ta ƙare a kansa. Mutumin ɗan asalin Poland ne, tarihi ya adana shi da haruffa biyu, J.D. Sankarar kaluluwa ta cika masa wuya da hammata da ƙirji, haɗiya ta gagara, gashi da haske kuma ya daina yi masa aiki. Ranar 27 ga Agustan 1942 aka fara ɗura masa maganin ta jijiya, kullum sau ɗaya har kwana goma. Don tsananin sirri, ko a takardarsa ta asibiti ba a rubuta sunan abin da ake ba shi ba. Ƙarin ya narke. Mutum ya koma cin abinci, yana juya wuyansa. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo. Aka sake ba shi, ya yi aiki kaɗan. Aka kuma, bai yi ba, ɓargonsa kuwa ya durƙushe. Ya rasu a watan Disamba na wannan shekara. A jikin mutum ɗaya, cikin wata uku, an ga dukkan abin da likitoci za su yi shekara tamanin suna kokawa da shi: maganin yana aiki, ciwon yana iya komowa ya saba da shi, ɓargo kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Mutane da yawa kan fara wannan tarihi daga tashar jiragen ruwa ta Bari a Italiya, amma Bari daga baya ta zo. Daren 2 ga Disamban 1943 jiragen Jamus suka yi wa tashar ruwan wuta. Cikin jiragen da suka tarwatse har da wani na Amurka, John Harvey, wanda yake ɗauke da bama-baman mastad kimanin 2,000 a ɓoye. Gubar ta gauraye da man da ya malale a kan teku. Aka tsamo matuƙa aka lulluɓe su da barguna a cikin jiƙaƙƙun kayansu, ba wanda ya san abin da ke cin fatarsu. Sama da mutum 600 suka kamu, sama da 80 suka mutu, ban da mutanen gari. Likitan soja Stewart Alexander ya gano musabbabin, ya kuma rubuta yadda fararen ƙwayoyin jininsu suka ɓace. Rahotonsa ya ƙara wa masu bincike ƙarfin gwiwa. Sai a 1946 aka ɗage takunkumin sirri, duniya ta ji labari.

Yadda maganin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, a cikin kowace akwai kundin gado, DNA, zare biyu da aka tufke kamar igiya. Kafin ƙwaya ta rabu biyu dole ta warware tufkar, ta kwafi kowane zare. Shi kuwa maganin hannu biyu gare shi: ya cafki wannan zare da ɗaya, ya cafki wancan da ɗaya, ya ƙulle su. Tufka ta ƙi warwaruwa, ƙwaya ta kasa rabuwa, ta mutu. Masana suna kiran magungunan da ke wannan aiki dangin alkil, saboda guntun sinadarin da suke liƙa wa zaren. Duk ƙwayar da ta fi saurin rabuwa ita ta fi shan wuya, sankara kuwa sana'arta ke nan. Sai dai ba ita kaɗai ke sauri a jiki ba. Tushen gashi, fatar cikin baki da hanji, ɓargo da maniyyin namiji, duk masu saurin sabuntawa ne. Daga nan zubewar gashi da gyambon baki da ƙarancin jini suke fitowa. Ba alamar ciwo ya fusata ba ce. Ana ba da maganin zagaye-zagaye, galibi bayan kowane mako uku, don lafiyayyun ƙwayoyi sun fi na sankara iya farfaɗowa a wannan tazara.

Mastad na farko ɗanye ne ƙwarai, yana ƙona jijiyar da aka bi da shi. Shekarun 1950 suka tafi a ƙoƙarin horar da shi. A cibiyar Chester Beatty ta Landan, ƙarƙashin Alexander Haddow, aka fito da busulfan da kulorambusil da melfalan, waɗanda ake iya haɗiya, kuma har yau ana aiki da su a sankarar jini da ta ɓargo. Amma wanda ya shafe mu ya fito ne daga garin Bielefeld na Jamus, ƙasar da ta fara harba gubar. A kamfanin Asta, Herbert Arnold da Friedrich Bourseaux da Norbert Brock suka haɗa saiklofosfamaid, aka bayyana shi a 1958, aka sa shi kasuwa da sunan Endoxan. Hikimarsa ita ce a cikin kwalba barci yake yi. Sai ya shiga jini ya isa hanta, hanta ta sarrafa shi, sa'an nan ya farka. Masu haɗa shi sun zaci ƙarin ne da kansa zai farkar da shi. Daga baya aka gano aikin hanta ne. Aka kuma gano wata sa'ar da ba a shirya ba: iyayen ƙwayoyin ɓargo suna da wani sinadari da ke karya lagonsa, don haka ɓargo yakan faɗi ya tashi. Maganin ba shi da tsada idan aka kwatanta da na zamani, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya zo daidai lokacin da Afirka ke buƙatarsa.

A 1957, a asibitin Mulago na Kampala, aka nuna wa wani likitan tiyata ɗan Ayalan, Denis Burkitt, wani yaro da muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, haƙoransa suna girgiɗi. Ba da daɗewa ba ya ga wani irinsa a Jinja. Ya koma kan tsofaffin takardun asibiti, ya gane cewa abin da ake ɗauka cututtuka ne daban-daban, na muƙamuƙi da na ido da na ciki da na ƙoda, ciwo ɗaya ne. Ya buga bayaninsa a 1958. Ya aika takardun tambaya da hotuna zuwa asibitocin Afirka, sa'an nan a ƙarshen 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota suka yi tafiyar kusan kilomita 16,000, asibiti bayan asibiti, suna tambaya: kuna ganin wannan ciwo a nan? Taswirar da ta fito ta ba kowa mamaki. Ciwon yana bin zafi da damina. A kan tsaunuka masu sanyi babu shi. Da ya zo Afirka ta Yamma ya tarar yana da yawa a kudancin Najeriya mai ruwa, amma a Kano, duk da cikar jama'arta, da ƙyar ake ganinsa. Wannan taswira ta zazzaɓin cizon sauro ce, inda yake kama yara shekara zagaye ba hutu.

A watan Maris na 1961 Burkitt ya yi lacca a wani asibiti a Landan, cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein. Epstein ya roƙi a riƙa aiko masa da gutsuren ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango wata ƙwayar bairas a cikinsa, ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Yau an san kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita ba tare da ta dame shi ba. Amma idan ta kama yaro tun yana ƙarami, zazzaɓin sauro kuma ya yi ta dukan garkuwar jikinsa, sai a sami ƙwaya ɗaya da gadonta ya tsinke ya haɗe a inda bai dace ba. Daga nan ba ta ƙara tsayawa. Sankarar Burkitt ita ce mafi saurin girma a jikin mutum. Ƙwayoyinta kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Uwa za ta ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, kafin wata ya zagayo fuskar ɗanta ta sauya kama.

Wannan saurin shi ne lagonta. A Uganda ta wancan lokaci babu na'urar gashi, wuƙa kuma ba ta da amfani ga ciwon da ya bazu. Burkitt ya nemi magani kyauta daga kamfanoni da likitocin Amurka, hujjarsa ita ce a jikin yaran da ba a taɓa gasawa ba za a ga aikin maganin tsantsa. Wannan hujja tana da ɗaci, don talauci ne ya mai da 'ya'yanmu wurin gwaji, kuma bai kamata a shafe hakan daga tarihi ba. Amma abin da ya biyo baya ya girgiza likitocin duniya. Da metotireksat, sa'an nan da saiklofosfamaid, ƙarin da ya kai girman kan yaro yakan narke cikin kwanaki. Wasu yaran allura ɗaya ko biyu aka yi musu, iyaye suka ɗauke su suka koma ƙauye, da aka bi sawu bayan shekaru aka same su garau. Peter Clifford ya ga haka a Nairobi. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru mai aikin tiyata a Ibadan, ya ga haka a Najeriya, kuma a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar Lasker ta Amurka tare da Burkitt.

Ghana ta shiga wannan aiki da wuri. Asibitin Korle Bu, wanda Gwamna Guggisberg ya buɗe a watan Oktoban 1923, ya zama asibitin koyarwa bayan samun 'yanci. A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa shirin binciken sankarar Burkitt a cikinsa, da tallafin Cibiyar Sankara ta Ƙasar Amurka, ya kuma ci gaba har cikin shekarun 1990. Wanda sunansa ya fi haɗuwa da shirin shi ne Farfesa Francis Nkrumah, likitan yara, babban ɗan Kwame Nkrumah, wanda daga baya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon. An kifar da gwamnatin mahaifinsa a 1966, gwamnatoci suka yi ta hawa da sauka, tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, likitoci da dama suka fice, amma ɗakin yaran nan bai rufe ba. A 1976 Farfesa Nkrumah da abokiyar aikinsa Perkins suka buga nazarin yara 110 da suka yi wa magani. Shekara ta gaba, tare da Robert Biggar, suka buga kwatancin saiklofosfamaid shi kaɗai da kuma haɗa shi da wasu magunguna ga yaran da ciwon ya kama a ciki.

Abin da aka koya a Akra da Kampala da Ibadan a waɗannan shekaru shi ne ya rage zumuɗin farko ya mai da shi ilimi. Allura ɗaya tana warkar da wasu, amma da yawa ciwon yakan komo, musamman waɗanda aka kawo ciki ya riga ya cika. Idan zai komo, galibi a cikin shekarar farko yake komowa. Wanda ya haye ta lafiya, da wuya ya sake ganinsa. Ciwon yakan laɓe a ruwan ƙwaƙwalwa da laka, inda maganin jijiya ba ya isa sosai, shi ya sa ake ƙara allura ta gadon baya. Wannan ita ce allurar da iyaye suka fi tsoro, alhali ita ke tare ciwon a maɓoyarsa. An kuma koyi cewa idan babban ƙari ya narke farat ɗaya, dattinsa yana iya toshe ƙoda ya kashe yaro a kwanakin farko, don haka ake fara ɗura ruwa da yawa kafin magani. Binciken Ghana ya nuna ciwon ya fi yawa a karkara fiye da birni. Jinin yaran da aka adana a wancan shiri bai tafi a banza ba. Bayan shekaru da dama masu bincike sun koma kansa suka ƙara tabbatar da hannun zazzaɓin sauro a cikin lamarin.

Mutumin Sabon Zongo, unguwar Malam Bako, ko da ƙafa yana iya zuwa Korle Bu. Na Nima da Maamobi zai hau motar trotro ya sauya wata. Ba nisa ne ya raba mutanen zongo da wannan magani ba, kuɗi ne da tsoro. A 1985 gwamnati ta tsananta biyan kuɗin asibiti, daga baya aka shiga zamanin biya-kafin-a-duba-ka, lokacin da iyali kan sayar da keken ɗinki ko akwatin atamfa don kwalba ɗaya. A 1997 aka buɗe cibiyar gashi da maganin sankara a Korle Bu da taimakon hukumar nukiliya ta duniya, ta Kumasi ta biyo baya a 2004. Dokar inshorar lafiya ta 2003 ta ɗauki sankarar mama da ta bakin mahaifa, ta bar sauran. Yara suka daɗe a waje, har da masu ciwon da Ghana ta taimaka wa duniya ta koyi warkarwa. Farfesa Lorna Awo Renner da abokan aikinta a sashen sankarar yara, da ƙungiyar iyayen yaran, sun yi shekaru suna kuka a kan haka. Sai a ƙarshen 2021 aka yi shelar shigar da sankarar yara guda huɗu cikin inshora: ta Burkitt, da ta jini mai saurin kamu, da ta ƙoda, da ta ido. Ana ƙiyasta cewa yara kimanin 1,200 ke kamuwa da sankara a Ghana kowace shekara, waɗanda ke isa inda za a gano ciwon kuwa ba su kai rabi ba. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan yara suna rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a kai kashi 60 a ko'ina kafin 2030, Ghana kuma tana cikin ƙasashen da aka fara shirin da su.

A lungunan Nima dai, wanda ya fi haɗuwa da saiklofosfamaid yau ba yaro ba ne, uwarsa ce. Sankarar mama ce kan gaba a matan Ghana, sababbin kamu kusan 5,000 a shekara bisa ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya. Tun 1976 Gianni Bonadonna ya nuna a birnin Milan cewa idan aka bi tiyata da haɗin magunguna uku, cikinsu har da wannan, ciwon yana rage dawowa. Yanzu galibi ana haɗa shi da doksorubisin, jan ruwan nan da ke rina fitsari na kwana ɗaya ko biyu. Masu sankarar bakin mahaifa kuma akan haɗa musu gashi da sisfilatin, wanda shi ma ƙulle zaren gado yake yi. Farfesa Clegg-Lamptey na Korle Bu da abokansa sun bincika dalilin da ya sa mata ke zuwa a makare ko su gudu ana tsakar magani. Suka tarar da tsoron yanke mama, da zagayen masu maganin gargajiya da wuraren addu'a, da rashin kuɗi. Yawancin matan sai ciwo ya yi nisa suke isa.

A nan ne, a ganina, maganar daji ba ya son allura take samun abincinta. Mace ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ta yi shiru don kunya. Wata shida tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai ya fashe yana wari, ya haura hammata, ya shiga ƙashi, sa'an nan a kwashe ta zuwa asibitin Maamobi, a ba da takardar Korle Bu. A sa mata kemo sau biyu, rai ya yi halinsa. A wurin zaman makoki a ce, "Ai da ma mun faɗa, allurar ce." Wadda ta je da wuri ta warke kuwa ba ta shela, ta ɗaura ɗankwalinta ta koma kasuwar Laraba, ba wanda ya san abin da ta haye. Unguwa tana ganin gawar wanda ya makara, ba ta ganin wanda ya tsira. Ba wanda ya ce a bar addu'a, limamai ma su ne ke tuna mana cewa neman magani umarni ne. Watannin da ake zubarwa kafin a nemi likita su ne abin kuka.

Bai kamata kuma a yi wa mutane daɗin baki ba. Maganin yana da wahala, wadda wani ɓangarenta ana iya tarewa. Amai yanzu yana da magunguna masu ƙarfi da ba a da su a zamanin Burkitt. Gashi yana komowa bayan an gama. Ragowar saiklofosfamaid yana bi ta mafitsara yana iya ƙona ta har a yi fitsarin jini, shi ya sa ake cewa a sha ruwa da yawa, a yawaita fitsari. Brock ɗin nan da ya haɗa shi ya kuma taimaka aka samo makarin wannan illa, mai suna mesna. Idan ranar allura ta faɗo cikin Ramadan, marar lafiya yana da rangwamen shari'a, ya sha ya rama daga baya. Tunda hanta ce ke farkar da maganin, ƙoda kuma ke fitar da shi, duk wani tsimi ko sassaƙe da ake sha a gefe ya kamata likita ya sani. Mafi haɗari shi ne mako na biyu bayan allura, lokacin da fararen ƙwayoyin jini suke ƙasa. Zazzaɓi a waɗannan kwanaki ba na zuwa shagon magani a sayi ƙwayar maleriya ba ne, na komawa asibiti ne a daren. Akwai kuma illar da ba ta gyaruwa ga wasu: haila takan ɗauke, haihuwa takan tsaya, kuma kaɗan daga cikin waɗanda suka sha dangin alkil sukan gamu da sankarar jini bayan shekaru. Budurwa ko saurayin da za a fara wa magani yana da haƙƙin a gaya masa wannan tun farko, a harshen da yake ji, ba a bar shi ya tsinta a bakin 'yan ɗaki ba.

Zongo tun asali masaukin baƙo ne, kuma har yau yana wannan aiki ga marasa lafiya. Iyali daga Bawku ko Yendi ko Wa idan aka turo su Korle Bu, sau da yawa a ɗakin ɗan'uwa a Nima ko Sabon Zongo ko Fadama suke shimfiɗa tabarma. Ranar da aka ji labarin ciwo, hannu yana buɗewa. A yi yekuwa a masallaci bayan Juma'a, mata su kawo na adashi, 'yan'uwan da ke Jamus da Amurka su turo ta waya. Zagaye na farko da na biyu kuɗi su wadata. Zuwa na uku ƙari ya motse, yaro ya fara wasa a tsakar gida, kowa ya ce Alhamdulillahi, masu taimako su koma kan hidimarsu. Alhali inshora, ko a inda ta ɗauki magani, ba ta biyan kuɗin mota da abinci da ranakun kasuwar da uwa ta rasa, wani gwajin kuma da wani maganin da ya yanke a asibiti sai an saya a waje. A zagaye na huɗu da na biyar ne ake rasa marasa lafiya, daidai lokacin da ragowar ƙwayoyin da suka fi taurin kai suke jiran a saki jiki, kuma ciwon da ya komo bayan an yanke magani ya fi na farko wuyar ji. Iyalin da suka tambayi likita tun ranar farko zagaye nawa ne, nawa kowanne zai ci, me inshora ta ɗauka, sa'an nan suka damƙa abin da aka tara a hannun liman ko mai unguwa ko magajiya ya riƙa fitarwa zagaye-zagaye, su ne suke da halin kai marar lafiyarsu har allurar ƙarshe.